Bagaruwar bakin Bahar Azrak na bushewa a tsaye: ƙwaro ne ya kashe ta ko ruwa?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sinnar zuwa Sinja har ya dangana da Damazin a nan Sudan, in dai ya leƙa ta gefen ruwa to ya ga dazukan sunut, wato dai bagaruwar nan tamu da majema ke jima da ita. Ba a kan tudu take ba, a cikin kwarurrukan da ake ce wa maya take, inda kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, ke malalowa ya cika su in damira ta zo, ruwa ya kwanta wata biyu wata uku wani wurin ma fiye da haka, sannan ya janye ya bar baƙar ƙasa mai danshi. To a cikin irin waɗannan dazukan ne ake samun wata mutuwa da ta daɗe tana cin itatuwa, itace ya fara bushewa tun daga ƙololuwa yana gangarowa ƙasa, in ka ɓare ɓawon sai kaga hanyoyin tsutsa birjik. Mutanenmu suna cewa susa ce, wato ƙwaro mai huda itace, kuma da yawa sun yarda wai baƙuwa ce aka shigo da ita daga waje, maganinta kawai hukuma ta turo jirgi ayi feshi irin wanda ake wa auduga a gonakin Jazira. Wannan maganar nake so mu zauna mu warware, don abinda masu bincike suka gano ya sha bamban da ita.

Da farko dai mu san me ake asara. Mu da kakanninmu suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har aka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar, bagaruwa ba baƙuwarmu bace, mun baro ta a gida mun zo mun tarar da ita a nan ta fi ta can girma da miƙewa. Garad ɗinta, wato 'ya'yanta, shi ake jima da shi, shi ake turarawa in mura ta kama yaro, lokacin korona a 2020 ma ai kowa ya ga yadda aka dinga rububinsa a kasuwa. Itacenta shi ake sassaƙa jirgin ruwa da shi don baya saurin ruɓewa, gawayinta kuwa duk mai shayi ta san yafi na kowa daɗewa. Su kuma Turawa wani abu daban suka hango, katakon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin layin dogo, shi yasa tun shekarun 1930 suka fara killace mayoyin nan suna maida su gandun gwamnati, a sare a sake shukawa, ana ba itace kamar shekara 30 kafin a kai shi injin tsaga katako irin na garin Suki. A lissafin da akayi wajen farkon shekarun 1990, sunut kaɗai ke bada kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na katakon da ake tsagawa a arewacin Sudan. Kaga kenan ba ƙaramin itace bane.

Shi ƙwaron sunansa a wajen masana Sphenoptera chalcichroa arenosa, daga dangin ƙwarin nan masu ƙyalli da ake kira Buprestidae. Babban ba wani abin tsoro bane, ɗan siriri ne mai tauri, jikinsa na sheƙi launin tagulla, yana son rana kuma da ka matso zai tashi ko ya saki jiki ya faɗo ƙasa. Ɓarnar ba tasa bace, ta 'ya'yansa ce. Macen tana saka ƙwai a jikin ɓawo, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige, ba can cikin zuciyar itacen take fara zuwa ba, tsakanin ɓawo da itace take zama, wajen nan mai laushi da danshi wanda ta nan ne abincin da ganye ya haɗa ke saukowa zuwa saiwa. Fara ce, bata da ƙafa, gabanta faffaɗa ne a baje sauran jikin kuma siriri. Tana ci tana tafiya a karkace tana cusa garin itace da kashinta a bayanta, shi yasa in ka ɓare zakaga hanyar a cike take da wani gari jaja-jaja a dandaƙe, ba a buɗe take ba irin ta gara. In tsutsa ɗaya ce ko biyu itace zai iya da su, ya zubo ƙaro ya toshe su. Amma in sukayi yawa har hanyoyinsu suka haɗu suka zagaye reshe, to an yanke masa hanyar abinci kenan, abinda ke sama da wurin sai ya bushe. Shi yasa ake ganin ganyen sama ya ƙanƙance yayi rawaya ya zube, wasu ƙananan rassa su tsiro a jikin gangar itacen ta ƙasa, itacen na ƙoƙarin ceton kansa ne, daga baya su ma su bi sahu. In tsutsar ta gama ta zama ƙwaro sai ta huda ɓawon ta fito ta bar ɗan rami wanda ba zagayayye sosai ba.

To yanzu ga tarihin, kuma anan ne zancen baƙunta ke rushewa. Tun shekarun 1930 ma'aikatan daji suka rubuta labarin wannan mutuwar. A farkon shekarun 1950 ta game yawancin dazukan da ke tsakanin Khartum da madatsar Sinnar, a gandun da ke bakin kogin Dindir kuwa an ƙiyasta asarar ta kai kashi 60 cikin ɗari. Amma dazukan da ke kudu da madatsar, wato namu na tsakanin Sinnar da Rusairis, sun zauna lafiya shekara da shekaru, sai a 1989 abin ya ɓulla a cikinsu kwatsam ya bazu gaɓa biyu. Tambayar da mai hankali zai yi itace, ƙwaron da ke da fiffike, wanda ke Dindir tun zamanin Turawa, me ya hana shi ƙarasowa Sinja tsawon shekara talatin da wani abu? Dindir da Sinja ai ba wata tafiya bace, balle ga itacen girki da ake ta jigilarsa a lori da kan jaki. Amsar da tafi kama hankali itace yana nan tun da can, yana ɗan cin raunanan rassa ba wanda ya damu da shi, wani abu ne ya canza a jikin itatuwan.

Kuma kowa ya san abinda ya faru shekara ɗaya kafin nan. Ambaliyar 1988, wadda ta rusa unguwanni a Khartum cikin watan Agusta, ita ɗin dai ta shigo mayoyi da laka mai kauri daga tsaunukan Habasha ta jibge a gindin itatuwa. Bahar Azrak dama shi ke ɗauko mafi yawan lakar da ke kogin Nilu baki ɗaya, duk shekara yana ɗan ƙara wa maya tudu, kuma tunda aka gina madatsar Sinnar a 1925 da ta Rusairis a 1966 yanayin hawa da saukar ruwan ya daina bin tsarinsa na asali. Laka tana ɓarna ta fuska biyu. Tana binne saiwa da gindi ta hana su shan iska, don bagaruwa ta iya zama cikin ruwa wata da watanni amma bata iya zama a binne ba. Sannan tana cike kwarin kansa, maya ta zama ba zurfi, ruwan da a da ke kwanciya ya jiƙa ƙasa sosai yanzu ya shigo ya fita da wuri, wani lokacin ma bakin da ruwan ke shigowa ta nan ya toshe gaba ɗaya, itace ya shiga rani da ƙishirwa. Wani rahoton FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1994 kan mutuwar dazuka a duniya ya kawo wannan lamari na Sudan, kuma ya jera sababin hawa hawa: akwai abinda ya raunana itacen a hankali, wato tsufa da taruwar laka, akwai abinda ya buge shi lokaci guda irin ambaliyar nan da ƙwarin da ke cinye ganye, sannan ƙwaro mai huda ɓawo ya zo daga ƙarshe ya ƙarasa. Hausawa dai sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani tsohon gafir, wato mai gadin daji, da ya ƙare ƙuruciyarsa a gandun daji shi ya nuna min yadda ake gane wannan ba tare da wani injin ba. Muna tsaye gindin wata busasshiya nace masa, Baba wannan ai susa ce ta cinye ta. Yace ɗana dubi gindinta tukuna, ka taɓa ganin bagaruwa ta shiga ƙasa a miƙe haka ba ta baje ba? Na duba, wallahi kuwa gangar ta nutse cikin ƙasa santal, babu wannan faɗin da gindin itace ke yi inda manyan saiwoyi ke rabuwa. Ya karɓi fartanya ya fara tono, ya wuce tsawon hannu bai tarar da saiwa ba sai laka mai santsi hawa kan hawa, kana iya ganin layin kowace shekara, ɓawon da ke binne ya yi baƙi ya yi laushi yana wari. Yace to ka gani, wannan ta daɗe da shaƙewa kafin susa ta san da ita. Daga nan muka taka zuwa wani ɓangaren da aka shuka daga baya, matasan itatuwa a inda ruwa ke isa sosai, ganye kore shar, ƙaro a daskare a jikin wasu alamar an gwada su ba a samu shiga ba.

In kana son ganin yadda baƙon ƙwaro na gaskiya yake aiki, sai ka duba Amurka. Akwai ɗan uwan namu, dangi ɗaya ne, kore mai ƙyalli, Agrilus planipennis, asalinsa gabashin Asiya, China da Koriya da gabashin Rasha. A 2002 aka gano shi kusa da Detroit a jihar Michigan da kuma tsallaken iyaka a Kanada, ana kyautata zaton cikin katakon da ake ɗaure kaya da shi a jiragen ruwa ya shigo. Itacen da yake ci shine ash, wanda da yawansa a bakin koguna da fadamu yake, kuma ya kashe miliyoyi masu yawan gaske, akwai dazukan da aka bi diddigi aka ga kusan kashi 99 cikin ɗari na manyan itatuwan sun mutu cikin 'yan shekaru. Ci iri ɗaya ne da namu, tsutsa a ƙarƙashin ɓawo. Bambancin shine a can baya tambayar ko itace na da lafiya ko bashi da ita, duk wanda ya samu kashewa yake, don itatuwan Amurka basu taɓa haɗuwa da shi ba balle su san yadda za su kare kansu, kuma babu maƙiyansa a wurin. Abin ban sha'awa, a gidansu can Asiya shima raunanan itatuwa yake bi, ba wanda ya ɗauke shi wata annoba. Shi yasa maganin da suka nema ya zama na baƙo, hana ɗaukar itacen wuta daga gari zuwa gari, da kuma zuwa China su kwaso wasu ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsar suka fara sakinsu daga 2007. 'Yan uwanmu da ke aikin gonakin dabino a Saudiyya su ma sun san irin wannan, jar susar dabino da aka fara gani a Katif a 1987, asalinta kudancin Asiya, ta dinga bin 'ya'yan dabinon da ake saye ana dasawa. Waɗannan su ne baƙi. Namu ɗan gida ne, tare suka taso da sunut.

Wani zai ce to meye amfanin wannan rarrabewar tunda itace dai mutuwa yake. Amfanin shine kuɗi da wahala ba za su tafi a banza ba. Feshin da ake ta kira ayi ba zai taɓa tsutsar da ke ƙarƙashin ɓawo ba, sai dai ya sauka a ganye da ƙasa, in damira ta zo ya wanke cikin maya, kuma maya nan ne kifi ke shiga ya hayayyafa, masuntanmu da ke kwana a ruwa tun daga Sinnar har tafkin Rusairis su za su fara kuka, ga ƙudan zuma da ke bin furen, ga awaki da raƙuman da ke cin garad. Ko da ace feshin ya kashe ƙwaron kakaf, itacen da aka binne wa gindi mutuwa zai yi dai, a hankali kawai. Abinda ke aiki ba mai daɗin ji bane: a sare itacen da ya kai lokacinsa kar a barshi ya tsufa a tsaye, a rage cunkoso a kan kari don waɗanda suka rage su samu ruwa, wanda ya kamu a sare shi a ɓare ɓawon ko a ƙona shi gawayi nan take kafin ƙwarin su fito, sannan a yashe bakin maya ruwa ya samu shiga. Na ƙarshen nan aikin gayya ne da shebur, ƙauye ɗaya zai iya, amma sai an zauna da ofishin gabat, wato na dazuka, don hukumar dazuka ta ƙasa da aka kafa a 1989 ita ke da gandun a hannu kuma kasan yadda dangantakar take, mutane na ganin gafir ɗan hana ruwa gudu ne shi kuma yana ganin duk mai gatari ɓarawo ne.

Shi kansa binciken irin wannan ba wani abu bane mai tsada. Ana yanka ƙananan filaye a cikin daji, wasu a tsakiyar maya wasu a gefe wajen tudu, a ba kowane itace lamba, a rubuta kaurinsa da shekarunsa da yadda kansa yake, kore ne ko ya fara zubewa ko ya bushe, a tona a auna zurfin lakar da ke kan saiwa, a rubuta kwana nawa ruwa ya kwanta a wurin. Ana yanko guntayen rassa a sa cikin keji mai raga a jira a ga me zai fito, ƙwaron da kuma duk wani maƙiyinsa da ke ciki. Sai a dawo baɗi a sake, da baɗin baɗaɗa. Hotunan tauraron ɗan adam na Landsat suna nan tun 1972 kuma kyauta ake samunsu, ɗalibi da kwamfuta zai iya jera su ya ga wace maya ce ta daina cika kuma a wace shekara kanta ya fara canza launi. Wahalar ba kayan aiki bace, dawowar ce, don sai an jure shekaru ana zuwa wuri ɗaya kafin a iya cewa wannan ne ya riga wancan, mu kuma anan da zarar kuɗin wani shiri sun ƙare shikenan an naɗe takarda.

Yanzu kuma kogin ma ba wanda aka yi wancan binciken a kansa bane. An ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10 aka gama a 2013, sannan Habasha ta fara tara ruwa a madatsar Nahda a 2020 ta buɗe ta a hukumance a Satumbar 2025, tafkinta na ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74, wato fiye da abinda Bahar Azrak ke kawowa a shekara guda. Masu goyon bayanta suna cewa laka za ta ragu, kuma gaskiya ne, mafi yawanta can za ta kwanta, ta wannan fuskar gindin bagaruwa zai huta. Amma aikin madatsar wutar lantarki shine ta danne tashin damira ta dinga sakin ruwa daidai wa daida duk shekara, ita kuma maya da wannan tashin take rayuwa, in ruwa bai hau ya tsallake gaɓa ba to ba abinda zai shiga kwarin. Manomin jarf, wato gonar gaɓar kogi, da mai yin jan bulo a bakin ruwa sun riga sun fara lissafin abinda zai same su, ita sunut ba mai yi mata lissafi. Ni a ganina in aka ga wata sabuwar mutuwa ta tashi a dazukan nan cikin shekarun da ke tafe, za a sake ɓare ɓawo a ga tsutsa a sake cewa susa ce, alhali ƙishirwa ce wannan karon a madadin shaƙewa. Haka ma shuka, ai a kan ruwan da ke janyewa ake watsa iri, bayan an jiƙa shi a ruwan zafi ko asid don ɓawonsa ya yi laushi, in ba damirar to a kan me za a watsa.

Ga yaƙi kuma. Tun Afrilun 2023 da aka fara, gas ya yi wuya kowa ya koma gawayi, Sinja kanta ta faɗa hannun dakarun Da'am Sari, wato RSF, a tsakiyar 2024 sai a Nuwamba soja suka karɓe ta, a irin wannan hali ba gafir ba mai bincike, dajin sunut na Khartum ma da ke bakin Farin Nilu wanda aka killace tun zamanin Turawa ya sha gatari. Ba zan zargi wanda ya sari itace don ya dafa wa 'ya'yansa abinci ba. Abinda ke damuna shine irin saran, mai gawayi lafiyayyen itace yake nema mai nauyi, ya bar wanda tsutsa ta cinye a tsaye, wato dai akasin abinda ya kamata ayi. Iri kuma da ake tarawa a buhu akwai wani ƙwaron daban da ke cinsa, Caryedon serratus, shi ɗin nan da ke huda gyaɗa da tsamiya a rumbu, in buhun garad ya shekara ba kulawa sai ka tarar da yawansa ya zama fanko.

In kuma baƙo ake nema a zarga, akwai shi, amma ba ƙwaro bane. Miskit ne, ƙayar nan da aka shigo da ita Sudan a 1917 don ta tare hamada, ta zo ta cinye yankunan noma na Gash da Tokar da Halfa Jadida har gwamnati ta bada umarnin a kawar da ita a 1995 kuma har yau ba ta kawu ba. Ita bata buƙatar damira, saiwarta na nutsewa can ƙasa ta samo ruwa, awaki ke cin 'ya'yanta su yaɗa irin a kashinsu duk inda suka bi. Mayar da ta daina cika, aka sare manyan itatuwanta, rana ta samu ƙasa, ba sunut ce za ta fara tsirowa a wurin ba. Duk wanda ke kusa da irin wannan wuri ya ga 'yan ƙananan miskit sun fara leƙowa a gefe, ya tumɓuke su tun suna kai gwiwa, da saiwar gaba ɗaya, don in aka sare ta sama kawai tofowa take da rassa fiye da na da.